Kawu ya rusa min aikin sati uku

Yau kam da murna na tashi wallahi, don jiya da dare na gama haɗa bayanin da zan gabatar a aji ran Alhamis kan faɗaɗa tashoshin jiragen ruwa. Wanki. Shara. Wayata ta mutu sau biyu.

Bayan la'asar sai ga Kawu, ni kuma da rawar kaina na ce Kawu zauna in gwada maka. Na fara zuba, na kawo tashar Tanja Med ta Maroko da aka buɗe a 2007, yadda yanzu ta fi kowace tasha a Afirka karɓar kwantena, har Renault ta kafa masana'antar mota kusa da ita a 2012, na yi ta maganar yashe teku don manyan jirage su samu zurfin tsayawa, ina nuna masa hotunan injinan ɗaga kwantena kamar ni na ƙera su. Shi dai yana ta juya hularsa a gwiwa bai ce uffan ba, sai da na kai aya ya ce, to 'yata, kayan in sun sauka ta ina za su fita?

Na ce Kawu ta titi mana. Ya yi 'yar dariyar nan tasa. Ya ce lokacin yana jan tirela ya taɓa kwana tara a layi a bakin get ɗin wata tasha, jirgi ya gama sauke kaya cikin kwana biyu ya yi gaba abinsa, su kuma hanya ɗaya ce shiga da fita, takardun kwastam na yawo daga tebur zuwa tebur, kuɗin ajiya na ta hawa kan mai kaya kullum. Wai tasha baki ce kawai, in maƙogwaro ya toshe girman baki ba ya cika ciki. Ni kuma buɗar bakina sai cewa na yi Kawu ba ka gane ba ne, wannan lissafin tattalin arziki ne. Bai ja ba, ya ce Allah ya ba da sa'a ya tashi.

Da ya tafi na koma na duba. Ita Tanja Med ɗin da nake ta kurantawa ashe layin dogo ne ke kwaso motoci daga masana'antar har bakin ruwa, ga babbar hanya, ban sa ko ɗaya a bayanina ba. Kenya ta buɗe tashar Lamu a 2021 da niyyar ta ɗauki kayan Habasha da Sudan ta Kudu, amma hanyoyin da za su haɗa su ba su kammala ba, shekarun farko jirage jefi-jefi suke zuwa. Habasha kuwa tun da Eritiriya ta ɓalle a 1993 ba ta da teku, sama da kashi 90 na kayanta ta Jibuti suke bi, shi ya sa suka shimfiɗa dogo mai tsawon kilomita 750 da ɗoriya har Addis Ababa.

Gyaran ba shi ya dame ni ba, kalmar nan ce, ba ka gane ba. Mutumin da ya kwana tara ƙarƙashin mota.

Na goge shafi huɗu. Na kira shi sau ɗaya bai ɗaga ba, ƙila yana masallaci. Yaya kuma wai ƙarfe goma zai karɓi kwamfutarsa.