Laraba a Argungu: fitila, rula da ciyawar ruwa

Tun kafin rana ta yi zafi na gangara bakin kogi wajen Matan Fada, na roƙi wani masunci ya tsinko min ciyawar nan mai siraran ganye da ke tsirowa a ƙarƙashin ruwa. Ya miƙo min ita cikin ƙwarya yana tambaya, "Malam, magani za a haɗa?" Na ce masa aji zan kai ta.

Mako biyu ke nan ina rubuta wa 'yan aji biyu na babbar sakandare cewa ganye yana haɗa ruwa da iskar kabon dayoksaid ya yi sukari, ya saki oksijin, kuma haske ne ke tuƙa aikin. Sun haddace tsaf. Amma abin yana damuna, domin da na sauya tambaya kaɗan sai ajin ya yi tsit. Yau na so idonsu ya gani.

Muka rufe tagogi. Ba a kawo wuta ba, sai na ɗauko fitilar caji da na taho da ita daga gida. Na yanke karan ciyawar a karkace, na sa shi cikin kwalbar ruwa, bakin yankan yana kallon sama, na barbaɗa ɗan bekin soda don kada kabon dayoksaid ya yi ƙaranci. Tsakanin fitila da ciyawa na ajiye wata kwalbar ruwan don ta tare zafi, tunda zafi ma yana sauya saurin aikin, mu kuwa haske kaɗai muke son aunawa.

A nisan santimita 10, bayan ɗan jira, sai ga kumfar oksijin tana fitowa daga bakin karan, ƙanana, a jere kamar 'ya'yan carbi. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta matso har hancinta ya kusa taɓa kwalbar, tana ƙirgawa a hankali, wani na riƙe da agogon waya. Muka ja fitilar zuwa santimita 20, muka ba ciyawar minti biyar ta saba. Duk sun ce kumfar za ta ragu da rabi. Ta ragu fiye da haka nesa ba kusa ba. A santimita 40 sai ka ƙosa da jira kafin ɗaya ta taso.

Nan na tsaya na daɗe. Haske yana bazuwa ne ta ko'ina yayin da yake barin fitila, don haka idan ka ninka nisa, abin da ke sauka kan ganye ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Daga 10 zuwa 40 kuwa, ɗaya cikin 16. Na haska bango, na riƙa ja da baya, suka ga da'irar tana faɗi tana dushewa. Da muka matso da fitilar santimita 5, kumfar ta ƙaru amma ba ta kai yadda lissafi ya nuna ba, saboda akwai inda ganye ke ƙoshi da haske, wani abu daban ya zama shi ne ke riƙe shi. Na gaya musu tun 1779 Jan Ingenhousz, wani likita ɗan Holan, ya lura cewa ganye a ruwa yana fitar da wannan kumfa cikin haske, ya daina cikin duhu.

Sai yarinyar nan ta ɗaga hannu: "Malam, to shukar kan tudu ta fi shinkafar fadama samun haske, tunda ta fi kusa da rana?" Wallahi tambayar ta faranta min rai. Na ce rana tana nisan kilomita miliyan 150, tsawon tudu ba ya ƙara komai a kai. Abin da ke cutar shuka a gona inuwa ce.

Da la'asar na leƙa lambun Baba. Irin tumatir ɗin da ya yafa a gindin mangwaro ya yi tsawo, siriri, ya koɗe, duk ya karkata wajen rana. Na ce, "Baba, gobe mu tayar da shi mu kai fili." Ya ce sai dai bayan asuba, kafin ƙasa ta ɗauki zafi.