Ɗiyar maharbi ce ni

Duk wanda na gaya wa ina farauta sai ya fara yin dariya tukuna, wai mace da farauta ina aka taɓa yi. To ni dai a cikinta na buɗi ido. Babana maharbi ne a ƙasar Ningi, Allah bai ba shi namiji da wuri ba sai mu mata a jere, ni ce kuma mai sunan mahaifiyarsa, Uwata yake ce min, ba ya iya ce min a'a. Tun ina rataya masa gorar ruwa da burgami har na kai ga riƙe igiyar kare. Inna ta yi faɗan har ta gaji, kullum "Malam ka mayar da yarinyar nan namiji, wa zai aure ta?" shi kuwa sai ya ce mai son nama mana.

Ba farautar gayya nake nufi ba fa, waccan ta maza ce, da kiɗan gangi da 'yan tauri ana kirari ana cika mota, ƙarshe a kaure da faɗa kan karen wa ya fara kama zomo. Tamu ta gida ce, bayan an gama girbi ciyawa ta bushe, mu fita da sanyin hunturu bayan sallar asuba, ni da Baba da karnuka biyu, daga baya ƙannena maza suka taso suka shigo.

Abun da ya fara koya min ba harbi ba ne, kallon ƙasa ne. Sai ya tsaya ya nuna da sanda ya ce "Uwata, waye ya wuce nan?" in na ce zomo sai ya ce yaushe, to nan ake yin ta, don sawun daren jiya gefensa a tsaye yake raɓa ta danne shi, na shekaranjiya kuwa iska ta riga ta cinye bakinsa. Yana kuma ɗibar ƙura ya sake ta a hankali ya ga inda iska ta nufa, don in ka bi iska ta kai wa dabba warinka ka yi tafiyar banza. Zomo wallahi ɗan duniya ne, yana kwance lamo a gindin sabara sai ka kusa taka shi sannan ya zabura, kuma ƙere, sandar jifa ta maharba, ba a jifansa sama, ƙasa-ƙasa ake sakinsa ya je yana juyawa ya share ƙafafu. Zabin daji su kam sai haƙuri, ka riga su zuwa bakin ruwa ka zauna ko tari kar ka yi, ƙafa ta yi tsami ka daure.

Rami kuma doka ce a gidanmu, ba a sa hannu, ko da ka ga burgu ya shige da idonka. Sanda ce ke fara shiga. In ka ga yanar gizo-gizo a bakin ramin mai shi ya tashi, abun da ke ciki yanzu wataƙila kububuwa ce. Kasa ma haka, kwanciya take a cikin busasshen ganye ba ta gudu, shi ya sa har yau ba na shiga daji da silifas komai zafi.

Wani abu da nake ganin samarin yanzu sun yi sake da shi shi ne hukuncin naman. Baba ba ya sakin kare sai da bisimilla, in kare ya kamo da sauran rai nan take a ciro wuƙa a yanka, in kuwa ya ci wani sashe to an bar masa, don kansa ya kama. Ba ƙirƙirarsa ba ce, maganar dabbar da aka horar da farauta tana aya ta 4 a Suratul Ma'ida, na karen da ya ci kuma yana cikin hadisin Adiyyu ɗan Hatim. Da damina kuwa gaba ɗaya muke rataye kaya, lokacin ciki da goyo ne, wanda ya kashe mai ciki ya cinye farautar baɗi.

Mai son naman dai ya samu, tela na aura, ko kaza ba ya son yankawa amma bai taɓa hana ni ba, sharaɗinsa kawai kar in fita sai da ƙannena. Surutun unguwa ma ya ragu tun da aka fara jin labarin Aisha Bakari Gombi, Sarauniyar Mafarauta ta Adamawa, wadda ita ma tun tana yarinya ta koya a gida har ta kai ga tunkarar 'yan Boko Haram a daji. Ni ban kai nan ba kam, zomo da makwarwa sun ishe ni.

Dajin ne dai ya canza. Gada da Baba ke kawowa muna yara yanzu ko sawunta sai an dace, kuma ni ba bindigar toka nake zargi ba kamar masu cinna wa daji wuta don ɓera ɗaya da masu sare itace suna gawayi. Gandun dajin Yankari da na Lame-Burra haramun ne a shiga da makami, kuma na yarda da hakan ɗari bisa ɗari. Ga 'yan bindiga sun sa ba a nisa, ga abun da ya faru da mafarautan nan 16 da aka kashe a Uromi a 2025, tun daga lokacin maigidan ya ƙara tsananta, iyakarmu bayan gonaki mu dawo kafin azahar.

Baba ƙafa ta ƙi yanzu, sai dai mu dawo mu zube masa abun da muka samo a kan tabarma ya ɗaga ya duba inda ƙere ya samu ya yi mana gyara. Zabo farfesu nake yi da citta da masoro, zomo in ya yi yawa a yi banda. Autata ce ta ɗauko abun, da danƙo take kwana, yayyenta maza kuwa ƙwallo ta ɗauke musu hankali. Bana akwai ɗan kwikwiyo da muke so mu hora, ita da kakanta suna ta musu a kan wa zai raɗa masa suna.