Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Zaman shagon kawu

Jama'a barkanmu da wannan mako. Mun tsaya inda gwamnatin Legas ta hana acaba a watan Yuni na 2022 a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Apapa da Surulere, ni kuwa a Surulere nake neman abincina, dole na jingine mashin. Kawuna na kasuwar Mile 12 ya ce zo ka riƙe min shagon POS, aikin zama ne ba wahala. To wallahi zaman nan ne ya fito da abin da mashin ya daɗe yana rufe min.

Da safe sam ba ni da amfani. Asuba da ƙyar nake tashi, in isa shago jiki a mace, har wajen ƙarfe goma in ka ce min dubu bakwai sai in danna dubu sha bakwai. Kai yana barci amma ƙafa tana ta karkarwa a ƙarƙashin tebur, murfin biro duk na taune shi, in miƙe in leƙa masu sauke kwandunan tumatir, in dawo, kafin in zauna da kyau na sake miƙewa. Kawu ya gaji ya ce "kai ɗan nan, wai ƙaya ce a bencin?" Na ce a'a Kawu, ni ma ban san me ke tashi na ba.

Daga la'asar sai lamarin ya juye, lissafi ya zauna daram, surutu ya zo. Bayan isha'i mutane na neman makwanci ni kuma lokacin nake taka sayyada zuwa Ketu in dawo ba abin da na je yi, ƙarfe ɗayan dare ina wanki ko ina kwance fanka wai zan gyara, uwargida tana cewa don Allah Malam ka bar mutane su yi barci. Washegari kuma wani lokacin ko ƙofar gida ba na son fita. Manhajar ƙirga taku da ke wayata ma haka take nunawa, yau tsiri har sama, gobe kusan babu, kuma yawancin tafiyar ta dare ce.

Wani abokina ne ya matsa na je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, kun dai san a garin nan da an ce Yaba me mutane ke nufi, shi ya sa na daɗe ina nuƙu-nuƙu. Likitar ta fi tambayata a kan yarinta, don ba a cewa mutum yana da ADHD, wato matsalar kasa tattara hankali da kasa zama wuri ɗaya, sai alamun sun fara kafin shekara 12. Na ba ta labarin bulalar da na sha a makarantar allo saboda ƙiriniya. Ta bayyana min cewa manya wajen biyu zuwa uku cikin ɗari suna da shi, kuma ƙiriniyar yaro ba ɓacewa take ba, komawa ciki take ta zama rashin natsuwa da ƙosawa da zama. Batun dare kuwa, da yawanmu masu ADHD sinadarin melatonin mai kawo barci yana makara da kamar awa ɗaya da rabi, ka ga ashe ba iskanci ba ne kamar yadda wasu ke faɗa.

Shawarar da ta fi min aiki ita ce in ɗauko tafiyar dare in kawo ta safe. Yanzu a Ketu nake sauka daga danfo in ƙarasa da ƙafa rana na dukana, in na isa kan yakan tsaya na ɗan lokaci. Azahar da la'asar kuma masallacin can ƙarshen layin 'yan albasa nake zuwa da gangan, Kawu har yanzu yana ganin yawo ne kawai. Daren dai bai gyaru duka ba, jiya ma sai wajen sha biyu da rabi na kwanta.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan faɗa muku yadda aka yi da maganin methylphenidate da aka rubuta min, da rigimar da ta tashi ranar da surukata ta ga katin Yaba a aljihun rigata.