Gamba Tana Toho Bayan Wuta, Ƙarangiya Ba Ta Yi

Kawuna yana da wani fili mai gamba can wajen Magarya. Kowace shekara, da an gama kaka, ƙasa da sauran damshi, sai ya share gefuna ya sa wuta da yamma lokacin da iska ta kwanta. Ina yaro na ɗauka ɓarna ce. Bayan mako biyu na ga toho kore shar yana fitowa daga baƙaƙen kututture, shanu kuma ba sa ɗaga kai daga wurin.

Da na tambaye shi, cewa ya yi: “Ɗana, tsohuwar gamba kara ce, cika ciki kawai take yi.” Gaskiya ya faɗa. Ciyawa in ta tsufa ta bushe, sinadarin gina jikinta ya ragu ƙwarai, ga wuyar narkewa. Toho kuwa laushi gare shi, ana ganin amfaninsa har a ƙwaryar nono. Sai dai ba ya da yawa, kuma ba ya daɗewa.

Abin da ke damuna shi ne masu ɗaukar wannan dabara su kai ta arewa. A Tanut da Gure yawancin ciyawar ta shekara ɗaya ce, irin su ƙarangiya. Saiwarta ta riga ta mutu, babu abin da zai toho. Wuta ɗaya da iskar hunturu a bayanta ta cinye abincin rani gaba ɗaya, makiyayi ya koma sayen dusa ko ya sayar da dabba da arha. A can, share layin tare wuta shi ne aikin, kuma tun ciyawa ba ta gama bushewa ba ya kamata a fara.