Littafin da na ƙi sa wa ɗan yayata hannu

Ranar Talatar da ta wuce, bayan la'asar, ɗan yayata ya same ni a shago ina tsugune bayan wata firiza. Gaisuwar da ya yi mini ta fi ta kullum tsawo, tun daga nan na san da magana. Ya zaro wani littafi mai shuɗin bango daga jakarsa. Ashe an ɗauke shi a ɗaya daga cikin shirye-shiryen koyar da sana'a da ake yi da kuɗin tallafi. Sun gama makonnin aji, saura sharaɗin da ya fi kowanne nauyi: kowa ya zauna a hannun mai sana'a na wasu watanni, ya riƙa rubuta abin da ya koya duk mako, maigida ya sa hannu, sannan alawus ya shigo. Sunana ya ba su a matsayin maigidansa, bai ko tambaye ni ba.

Ya ce, "Kawu, ai ba sai na riƙa zuwa kullum ba. Duk Juma'a zan kawo maka ka sa hannu. In masu sa ido za su zo ana sanar da mu a WhatsApp, sai in zo in sa rigar aiki."

Na daɗe riƙe da littafin ban ce komai ba. Kalaman nan nawa ne. Ni na faɗe su a 2013, a wani shagon gyaran firji da ke unguwar Jekadafari a garin Gombe, ga wani dattijo da muke kira Baba, Allah ya jiƙansa da rahama.

A lokacin ina da difloma a hannu, shekara uku ina yawo da ita a cikin ambulan. Da aka ɗauke ni a wani shiri irin wannan, ba sana'ar na hango ba, alawus ɗin na hango, duk da bai kai mafi ƙarancin albashi na lokacin ba, wato naira 18,000. Na kuma ji cewa ranar yaye za a ba kowa kayan aiki. Aka tura mu mu huɗu wajen Baba. Mutum ne da bai yi boko ba ko na kwana ɗaya, da ajami yake rubuta sunan masu kawo gyara a jikin bango. Satin farko ya ba ni tsumma da bokiti, in wanke cikin firjin da ruɓaɓɓen nama ya kwana uku. Sati na biyu ina ɗaukar tukunyar gas a bayansa zuwa gidajen mutane. Sati na uku ya aike ni sayo masa abinci, yaron da na girme wa da shekara goma yana zaune yana kwance kwamfuresa, injin da ke tura gas a cikin firji.

Har yau in na tuna sai in ji ba laifina ne kaɗai ba. Daga Tumfure nake zuwa, kuɗin mota zuwa da dawowa kullum, alawus kuma ya yi wata uku bai shigo ba. Mahaifiyata ba ta da lafiya. Wa zai ce wa mai shekara ashirin da bakwai ya zauna yana wanke firji kyauta alhali gida babu na cefane? Kuma babu wanda ya zaunar da mu ya faɗa mana dalilin wannan sharaɗi. An miƙo mana littafi kawai aka ce a cike. Baba ma ba mai bayani ba ne. In ka tambaye shi abu sai ya ce, "Zuba ido, ɗan boko."

Amma sauran ukun ma daga nesa suke zuwa, su ma alawus ɗinsu ya makale, kuma biyu daga ciki sun zauna har ƙarshe. Wannan ne wurin da hujjata take karyewa duk lokacin da na ɗauko ta.

Na je na sami Baba na ce masa abin da ɗan yayata ya ce mini. Na ƙara da cewa zan riƙa ba shi wani abu daga alawus. Ya ce in riƙe kuɗina. Ya san mahaifina tun suna samari, kunyar wannan ce ta sa ya riƙa sa mini hannu. Duk Juma'a in kwafi abin da abokina ya rubuta a littafinsa, in kai wa Baba, ya zana sunansa da ajami a ƙasan rubutun da ba ya iya karantawa. Na mayar da dattijo mai sallah a sahun gaba shaidar zur, wata shida cur. Wannan ya fi komai ci mini rai yanzu, ya fi asarar sana'ar.

Ranar yaye aka ba mu takardar shaida da akwatin kayan aiki: geji, mita, kan walda na tagulla, sifanu, da ƙaramin injin zuƙe iska. Ban kwana biyu da su ba na sayar. Na haɗa da rance na sayi babur na shiga acaɓa. Kuma gaskiya babur ɗin ya ciyar da gidanmu, ya sayi magani, ba zan yi masa butulci ba. Sai ga shekarun tashin bama-bamai, 2014 da 2015, tashoshin mota da kasuwa suka zama wurin fargaba, ciniki ya ja baya, inji ya gaji, bashi ya taru. A ƙarshen 2015 na sayar da shi a kuɗin da bai kai rabin na saye ba.

Sai na tuna ina da takardar shaidar gyaran firji. Na kama ɗan shago, na ari kayan aiki, na rataye takardar a bango. Ƙananan ayyuka kamar canja waya ko rilay na iya su. A azumin 2016 wata baiwar Allah mai sayar da ƙanƙara, marayu take riƙo da ita, ta aiko da firizarta ba ta sanyi. Na gano inda gas yake zuba, na like, na ɗura sabon gas. Ta yi sanyi awa biyu ta tsaya. Na sake ɗurawa. Haka har sau uku, ina karɓar kuɗin gas a hannunta ina ce mata wutar lantarki ce ba ta da ƙarfi. Duk wanda ya san Gombe ya san abin da ƙanƙara take nufi a azumi, cinikin shekara ne a wata ɗaya. Matar nan ta yi kwana goma sha biyu babu ciniki, daga ƙarshe kwamfuresa ta ƙone.

Da daddare na ɗora firizar a amalanke na kai wa Baba. Bai yi mini faɗa ba. Tambaya biyu ya yi: "Ka zuƙe iska kafin ka ɗura? Ka canja diraya?" Na yi shiru. Diraya ita ce 'yar matatar da ke tsotse laima a hanyar gas. Ya ce duk bututun da aka buɗe, iska mai laima ta shiga. In ba ka zuƙe ta ba, laimar nan za ta bi gas ta je ta daskare a bakin siririn bututun nan da muke kira kafilari, ta toshe hanya. Firiza ta yi sanyi da farko, sannan ta tsaya, in an kashe ta ta huce ƙanƙarar ta narke, ta sake yi kamar ta warke. Man da ke cikin kwamfuresar da ke aiki da gas ɗin R134a kuwa shan laima yake yi kamar soso. Abin da yaron shago na wata biyu ya sani ke nan. Da na koma gida na buɗe tsohon littafina, ga shi nan da rubutun hannuna a mako na tara: na koyi zuƙe iska da canja diraya. Ga sa hannun Baba a ƙasa. Injin da ake wannan aiki da shi kuma shi ne na fara sayarwa.

Na koma shagon Baba ina da shekara talatin, babu alawus, babu littafi, yaran da na raina su ne suke nuna mini. Shekara biyu da rabi na yi. A nan na gane wanke firji ba wulaƙanci ba ne, a wajen wankin kake sanin inda tsatsa take fara cin bututu. Ɗaukar tukunya zuwa gidaje kuma, ashe masu gidajen suna ganin fuskarka. Rabin mutanen da nake yi wa aiki yau, da masu otal da masu kantin magani da masu ruwan leda, a bayan Baba suka fara ganina. Da ƙarfinsa ya ragu shi da kansa yake ce musu, "Ku kira yaron nan." Na biya matar nan kuɗin kwamfuresa a hankali, amma azumin da ta rasa ba ya biyuwa.

Yanzu da nake karɓar yara daga irin waɗannan shirye-shirye na fahimci abin da masu ba da kuɗin suke nufi. Ba yau aka fara ba. Asusun horar da ma'aikatan masana'antu na ITF tun 1971 yake, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, ta zo a 1986 da tsarinta na tura matasa hannun masu sana'a, N-Power ta zo a 2016, kuma ɓangarenta na sana'ar hannu ma aji ne na ɗan lokaci sannan zama wajen maigida. Gidauniyar Tony Elumelu da ke ba da dala 5,000 tun 2015 ita ma sai ka bi ta horo da jagoranci kafin kuɗi. Shirin IDEAS na Bankin Duniya, wanda Gombe take cikin jihohinsa, har masu sana'ar yake horarwa don su iya koyarwa. Duk sun ga abu ɗaya: aji yana ba ka sunan abu, amma ba ya ba ka hannu, kuma jarin da aka damƙa wa wanda ba shi da hannu kasuwa yake komawa. Shi ya sa suke ɗaure alawus da rajista, suke turo masu sa ido, suke neman hoto da sa hannu. Takardar ƙwarewa ta NSQ da hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, take kula da ita ma ba a samun ta da haddar takarda, mai tantancewa zai tsaya a kanka ya ga ka yi aikin.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari da yawa, ku matasa. Da na tace su, kaɗan suka rage.

Kada ka rubuta abin da ba ka yi ba, kada kuma ka sa wani ya sa maka hannu a kai. Ko da babu mai sa ido. Ranar da za a tambaye ka abin da ke cikin littafin nan, ba jami'i ne zai tambaya ba, kayan wani bawan Allah ne a gabanka. A sana'armu abin ya wuce asarar kuɗi, yawancin sababbin firji da R600a suke aiki, gas ne mai kama wuta. Ka kunna kan walda a kan bututun da ba ka zubar da gas ɗinsa ba, ka ga abin da zai faru da fuskarka.

Ka zauna wajen maigidanka ko da aike yake yi maka. Ka riga shi zuwa. Ka ajiye wayar nan! Wallahi abin da ke ƙona mini rai ke nan da yaran yanzu: ina kwance kwamfuresa a gabansa, abin da na yi shekara biyu kafin a bar ni in taɓa, shi kuma kansa a sunkuye yana murmushi da waya. In ka yi magana ya ce ai akwai shi a YouTube. Akwai shi, ni ma ina kallo, na koyi gyaran sababbin na'urorin sanyaya ɗaki da yawa a can. Amma waya ba za ta kama hannunka ta ɗora a kan bututu ta ce maka wannan zafin ya yi yawa ba. Kullum maganarsu alat, yaushe alat zai shigo. Yaro bai iya riƙe sifana ba yana tambayar ranar yaye.

Sai dai kuma kada ka zauna wajen kowane maigida. Na san na ce a jure, amma akwai waɗanda kuɗin da shiri yake biyansu a kan kowane yaro kawai suke so, su karɓi yara goma sha biyar a shagon da ba ya ɗaukar uku, wata huɗu ba a bar ka ka taɓa komai ba. Irin wannan ka je ofishin shirin ka nemi a canja maka, da ladabi, tun da wuri. Yadda za ka bambance shi da irin Baba: dubi manyan yaransa. In sun iya aiki, in akwai waɗanda ya yaye suna da shagunansu suna kuma dawowa gaishe shi, to wankin da yake sa ka hanya ce. Ni ban duba ba, da na duba da na ga yaron da na raina yana kwance kwamfuresa shi kaɗai.

Kayan aikin da za a ba ka kuwa, kada ka sayar. Na faɗa, ko da yake na san ranar da na sayar da nawa magani na saya da wani ɓangare na kuɗin, kuma ba zan iya kallon idon yaron da mahaifiyarsa take kwance in ce masa ya rungume akwati ba. In ta kai ga haka, ka kai wa maigidanka ajiya ka roƙe shi rance a kai. Baba zai ba ni, na tabbata. Girman kai ne ya hana ni tambaya.

Ɗan yayata na ce masa littafin zai zauna a durowata. Ranar da ya zo ya yi aiki, mu rubuta tare in sa hannu. Ranar da bai zo ba, shafin ya zauna fari, in masu sa ido sun tambaye ni kuma gaskiya zan faɗa musu. Kuɗin mota ni zan riƙa ba shi har alawus ya fara shigowa. Ya tashi ransa a ɓace. Da daddare Yaya ta kira ni tana cewa yaron yana da uzuri, yana taya wani abokinsa cinikin POS, in sassauta masa, ai ɗana ne. Na ce mata saboda ɗana ne.

Laraba bai zo ba, Alhamis ma haka. Jiya Asabar ya iso wajen ƙarfe sha ɗaya, babu rigar aiki, bai kalle ni sosai ba. Akwai wata firji da aka kawo daga Pantami, kifi ya lalace a ciki. Na miƙa masa tsumma da bokiti, na ce in ya gama ya kira ni in nuna masa inda tsatsa take farawa.