Yadda na bi sawun kakannina mata daga Agege zuwa Gobir

A Agege aka haife ni, nan na yi wayo. Abin da na sani game da asalinmu bai wuce cewa mu Gobirawa ne ba, shi ma don Yarabawan layinmu ba sa barin Hajiya kakata ta wuce ba su tsokane ta ba, saboda wasan da ke tsakaninsu da Gobirawa. Babana yana jero kakanninsa maza har shida a numfashi ɗaya. Ranar da na tambaye shi sunan matar da ta haifi Hajiya, sai ya yi shiru. Kakarsa ce fa. Abin ya tsaya mini a rai.

Kuskurena na farko shi ne na tunkari Hajiya da littafi da biro, na ajiye waya a gabanta, na ce, "Hajiya, yaya sunan mahaifiyarki, kuma wace shekara aka haife ta?" Ta kawar da kai, ta ce, "Ke kishiya, yaushe kika zama alƙali?" Matan zamaninsu ba sa kama sunan iyaye ko na miji ko na ɗan fari, kuma ba da lamba suke riƙe shekaru ba. Na yi wata guda ban sami komai ba.

Bakinta ya buɗe ne wani dare da aka ɗauke wuta, ina taya ta gyara tsohuwar akwatinta ta ƙarfe. A ƙarƙashin zannuwa na ci karo da mazari, sandarsa ta yi baƙi da santsi saboda shan hannu. Ta karɓa, ta murza shi a tafinta, ta ce na innarta ne, da shi ta kaɗa zaren da aka saya mata tasoshin aure. Daga nan ban sake tambayar shekara ba, sai dai in ce, "Me ya faru a lokacin?"

An kawo ta Ikko tana amarya a shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo, wato 1956. Daga ƙauyensu na ƙasar Sabon Birni aka kai ta Ƙauran Namoda, inda layin dogo ya ƙare, ta hau jirgin ƙasa zuwa wurin mijinta mai fataucin goro. Mahaifiyarta kuwa a goye aka tsallako da ita daga wajen Tsibiri lokacin yunwar Kakalaba, wadda ta auka wa ƙasar Hausa a 1913 zuwa 1914. Tsibiri yanzu tana Nijar, kusa da Maraɗi, amma a bakin Hajiya babu wata iyaka, duk Gobir ce. Abubuwa biyun nan su suka zama turakun da na ɗaura sauran labarin a kansu.

Inda na fi ruɗewa shi ne kalmar "Inna". Na cika shafi huɗu ina rubuta labarin mace ɗaya, ashe mata biyu ne. Ɗaya ta haife ta, ɗaya ƙanwar babanta ce da aka ba ta riƙonta tun daga yaye. Mazarin ma na mai riƙon ne. Duk mai son bin asalin mace a karkara ya fara tambayar wa ya haifa, wa ya yaye, wa ya aurar, sannan ya rarrabe 'yan ɗaki da 'yan uba. Laƙabi ma yana taimakawa: Kande ko Delu na nuna an haifi mace bayan maza, Azumi a watan azumi, Marka a tsakiyar damina.

Bayan ƙaramar Sallah na je ƙauyen. Mai gari ya karɓe ni hannu bibbiyu, amma abin da ke kansa gidaje ne da gonaki da sunayen magidanta, domin su ake rubutawa a zamanin haraji. Tsofaffin mata ne suka fitar da ni, a gindin turmi, wannan ta faɗa waccan ta gyara mata. Wani tsohon wanzami kuma da ya ga hoton Hajiya, ya ƙura wa askar fuskarta ido, ya ce hannun gidansu ne. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne wata yayar Hajiya da kowa ya ce ita ce ta san kan zancen. Ta rasu wata biyar kafin zuwana, alhali na shekara biyu ina cewa sai na sami hutu. Allah ya jiƙanta.

Yanzu ina da mata huɗu a jere a takarda, daga Hajiya zuwa kakar mahaifiyarta, wadda laƙabinta kawai aka tuna. Da na dawo Agege na karanta wa Hajiya su ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan sunan yanka na mahaifiyarta, wanda tsofaffin suka raɗa mini, sai ta rufe fuska da mayafi. Can ta ce, "Sake faɗa, kishiya. Rabon da in ji shi tun ina budurwa."