Alappuzha, garin da kwale-kwale ne adaidaitarsu

Gaskiya asibiti ne ya kaimu Indiya, na rako Yaya ne birnin Kochi a jihar Kerala, to bayan an gama masa aiki lafiya likita yace sai mun jira wajen kwana goma a sake dubashi kafin mu hau jirgi. Kwana goma a ɗaki ɗaya, shi da rimot ni da waya, ai kafin a je ko'ina mun fara ƙosar juna. Wata nas ce ta ga alama tace ku je Alleppey mana ku sha iska. Haka muka shiga jirgin ƙasa daga tashar Ernakulam muka yi kudu, awa ɗaya da 'yan mintuna sai gamu.

Sunan garin na gwamnati Alappuzha, Alleppey ɗin Turawa ne suka lanƙwasa shi. Wannan "zh" ɗin kuma kar ka yarda ka karanta shi kaman z, wani sauti ne na yaren Malayalam tsakanin r da l da ake naɗe harshe, na gwada sau uku mai adaidaita yana ta ƙyaƙyata dariya, daga nan na haƙura na koma Alleppey abina.

Abin da ake tallata garin da shi shine wai Benis ta gabas, wato kwatankwacin birnin nan na Italiya da magudanan ruwa ne titunansa, sunan da ake cewa Lord Curzon ne ya laƙaba masa lokacin yana gwamnan Ingila a Indiya. To ni dai kar in yi muku ƙarya, magudanan cikin gari basu burgeni ba. Manya guda biyu ne suka ratsa garin, ruwan kore shar, ciyawa ta rufe rabinsa, gefe da gefe tsofaffin sito-sito na 'yan kasuwa duk fenti ya ɓare. Wani wazirin masarautar Travancore mai suna Raja Kesavadas ne yasa aka haƙa su a ƙarshen shekarun 1700 don a riƙa fito da kaya daga cikin ƙasa zuwa bakin teku, masoro da kwakwa da sauransu, a 1859 kuma aka buɗe masana'antar farko ta igiyar ɓawon kwakwa, garin ya yi tashe sosai, sai daga baya tashar jiragen ruwan Kochi ta bunƙasa ta janye kasuwar. Wani abin haushi da dariya, ɗaya daga cikin ciyayin da suke toshe musu ruwa sunanta a wajensu "African payal", wato ciyawar Afirka. Nace Yaya ka ji fa, ko ciyawa ta yi ɓarna mu ake kira. Alhali asalinta daga Kudancin Amurka ne.

A bakin ruwa dillalai suka yanyame mu, kowa da hoton jirginsa a waya. Jiragen nan su ake kira kettuvallam, ma'ana jirgin da aka ɗaure, don na asali katako ne ake ɗinke shi da igiyar kwakwa babu ƙusa ko ɗaya, sannan a shafe shi da baƙin man ɓawon kashu ya hana ruwa shiga. Da can shinkafa suke ɗauka, da motoci suka kashe musu kasuwa sai aka maida su gidajen kwana na baƙi, da ɗaki da banɗaki da kuku har da AC. Sunada kyau kam ba ƙarya. Amma da Yaya ya tsananta tambaya sai dillalin ya faɗi gaskiya, wajen ƙarfe biyar da rabi na yamma dole a ɗaure jirgin har gari ya waye saboda masunta suna baza komarsu da daddare.

Yaya ya kalleni yace, "Wato malam kuɗin babban otal zan biya in kwana a ɗaure a gindin kwakwa, sauro yana walima da ni?"

Nace to Yaya ya za'ayi. Yace mu bi inda mutanen gari suke bi.

Shikenan muka shiga jirgin haya na gwamnati, kuɗinsa 'yan rufi kaɗan (kuɗin Indiya kenan) da ko shayi biyu basu kai ba, kuma wallahi nan ne na ga abin da ya kawoni. Jirgin katako ne mai benci, inji yana ta rugugi a tsakiya, kwandasta da 'yar jakarsa yana yankar tikiti, akwai wata igiya da ake ja ƙararrawa ta kaɗa don a sanar da mai inji ya rage ko ya ƙara. Baya tafiya miƙe, yanzu ya tsaya a wannan gaɓar yanzu ya tsallaka waccan, kowace tasha ɗan dandamali ne na siminti da bai fi tabarma biyu ba, wani yaro ya yi tsalle ya naɗa igiya a turke, mutum biyu su sauka uku su hau, kafin ka ƙifta ido an kwance. 'Yan makaranta da yunifom, wata tsohuwa da tukunyar gas, wani da buhun siminti, wani ɗan kwalisa da farin zane ya naɗe shi zuwa gwiwa yana karanta jarida ko kallon ruwan baya yi. Kowane gida da matakalarsa ta dutse da ta gangara cikin ruwa, nan ake wanke-wanke, nan ake wanka, nan mata suke fyaɗa wanki a kan dutse, sautin yana tsallako ruwa tas! tas! sai ka ga hannun ya sauka kafin ƙarar ta iso ka. Ga mai kifi a ɗan kwale-kwalensa yana kiran ciniki, ga wani yana kora agwagi ɗaruruwa da doguwar sanda, duk sun bi layi kaman an musu horo.

Sai da muka shiga yankin Kuttanad sannan kaina ya ɗaure. Ina zaune ta taga na leƙa dama, ruwan da muke kai yana sama, gonakin shinkafa suna can ƙasa. Na murza ido na sake dubawa. Ashe haka abin yake, gonakin nan suna ƙasa da teku da mita ɗaya zuwa uku, tafki ne aka datse da ganuwar laka da dutse aka zuƙe ruwan da famfo aka shuka shinkafa a ƙasansa, gidajen mutane kuma a kan siririyar ganuwar suke jere, ruwa gaba gona baya. Can arewa a Thanneermukkom an gina wata doguwar madatsa a kan tafkin Vembanad da ake rufewa lokacin rani don kar ruwan gishiri ya shigo ya ƙona shuka. A 2013 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wannan noman cikin kayan gadon noma na duniya. Amma fa zama ne na kasada, mai kwale-kwalen da ya shiga da mu ƙananan lunguna washegari ya nuna mana tabon ambaliyar 2018 a bangon wani gida, sama da taga yake, ya nuna da filafili ya cigaba da tuƙinsa kaman ba komai ba.

Lungunan nan jirgin kwana baya iya shigarsu, wani wurin sai ka sunkuya ka wuce ƙarƙashin gada. A nan muka ga jirgin tseren nan nasu a ajiye cikin rumfa, baƙi siɗik an shafe shi da mai, tsawonsa ya haura ƙafa 100, mutum wajen 100 ne suke tuƙa shi lokaci ɗaya suna waƙa. Tseren kofin Nehru a tafkin Punnamada ake yinsa yawanci a watan Agusta, ya samo asali daga zuwan firaministan Indiya na farko Jawaharlal Nehru a 1952. Mu dai bamu zo a lokacin ba, rumfa muka gani.

Abinci kuwa, kifin da suke ji da shi karimeen, ana cusa masa yaji a naɗe a ganyen ayaba a gasa, da wata jar shinkafa mai ƙiba, ga rogo da miyar kifi mai tsami. Yaya da likita ya hanashi yaji sai da na riƙe masa hannu. Ka lura dai da rumfunan da ake sayar da bammi, sun shahara da iya girki ana ta tura baƙi can, mu mun wuce abinmu.

Bakin teku muka bari na ƙarshe. Yashi ne mai faɗi, igiyar ruwa da ƙarfi, ba wurin iyo bane ga irinmu, mutanen gari ma iyakarsu su jiƙa ƙafa su sayi gyaɗa da askirim. Tsohuwar gadar da ake lodin jirage ta ruɓe saura ƙarafa tsaitsaye cikin ruwa tsuntsaye na sauka a kai, ga hasumiyar fitila ja da fari ta 1862 a baya, sai wata doguwar gadar sama ta motoci da aka ratsa ta gefen wurin, ni dai ta ɓata min hoto.

Muna nan rana ta nutse cikin tekun Larabawa aka kira magariba daga wani masallaci a cikin gari. Yaya ya shimfiɗa ɗankwalin da muka saya ya juya wa teku baya zai tada kabbara, nace Yaya ina zaka? Yace gabas mana. Na nuna masa waya, a nan alƙibla yamma take, ta ɗan karkata arewa, wajen da ranar take faɗuwa. Ya tsaya ya yi shiru, yace oh ikon Allah, shekara hamsin da wani abu ban taɓa kallon faɗuwar rana ina sallah ba. Ya juya shimfiɗar, na tsaya a damansa, ruwa yana zuwa har kusa da yatsunmu yana komawa.